Ceɗiya, Tsamiya, Kuka ko Kariya: Da Wanne Za Ka Fara Bonsai a Sakkwato?

Ranar da na fara fita neman itacen da zan mayar bonsai, hoto na nuna wa mai sayar da dashe a cikin waya. Dattijo ne, yana zaune kan benci a inuwar dogon yaro a gefen titi, gabansa baƙaƙen ledoji jere reras, wasu mangwaro, wasu gwaiba, wasu furannin shinge. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wanga icce ai tsoho na. Mi yah hana shi girma?"

Na ce, "Baba, mutum ne ya hana shi."

Abin da bonsai yake ke nan. Babu wani iri na musamman da ake kira irin bonsai, duk wanda ya tallata maka shi a intanet kuɗinka kawai yake so. Itace ne kamar kowane itace, ana datse masa reshe, ana rage masa saiwa, ana tsare shi cikin kasko marar zurfi shekara da shekaru har ya ɗauki kamannin tsohuwar bishiya alhali tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Kalmar ta Japan ce, ma'anarta shuka a cikin faranti, su kuma Japanawa daga Sin suka koyo sana'ar. A wata unguwa da ake kira Omiya, arewa da Tokiyo, masu wannan aiki suka tattaru a 1925 bayan girgizar ƙasar 1923 ta rusa musu wuraren su, har yau can ce cibiyar abin. Akwai wani bonsai da aka fara reno tun 1625, yana gidan masu shi a Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945 bai mutu ba, a 1976 aka ba Amurka shi kyauta, yanzu yana Washinton da ransa.

Wannan labari ne ke sa sabon shiga ya yi kuskuren farko. Itatuwan da ke cikin hotunan Japan, masu ganye kamar allura da masu ja lokacin kaka, 'yan ƙasar sanyi ne. Jikinsu na bukatar watanni na sanyi mai tsanani don su yi barci su farfaɗo. Hunturunmu bai kai musu ba, bazararmu kuwa ta fi ƙarfinsu. In wani ya kawo maka irinsu daga Abuja ko Legas a cikin tukunya mai sheƙi, da tsakuwa manne a saman ƙasar, ka yaba ka bar masa abinsa. Garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwan sama kuma bai cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, itacen gida yake so. Alhamdu lillahi muna da su, kuma wasunsu masana bonsai a wasu ƙasashe nema suke da kuɗi.

Kafin in kwatanta su, ga abin da na koya game da dubawa, don a wurin mai dashe idon sabon shiga saman itace yake kallo, ganye da fure. Ƙasa ya kamata ka kalla. Durƙusa, sa yatsa ka tone bakin ledar kaɗan ka ga inda gindin ya haɗu da saiwa. In gindin ya buɗe ta ko'ina kamar ƙafar tsohuwar bishiya, ya yi kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama, ka sami abin nema. In ya miƙe sambal kamar sandar makiyayi, kaurin ƙasa da na sama ɗaya, ajiye shi. Reshe kana iya tsiro da shi daga baya, ganye kana iya ƙanƙanta shi, amma gindi in bai yi ba gyaransa shekaru ne. Sannan ka duba ko yana da rassa a ƙasa-ƙasa, ka juya ganye ka ga ko akwai farin ƙwarin nan mai kama da auduga, ka ɗaga ledar ka ga ko saiwa ta huda ta shiga ƙasa, don irin wannan in an tumɓuke shi yakan yi yaushi sosai.

Kada ka tsaya a layin gaba. Abin da mai dashe ya jera a gaba na masu shuka a ƙofar gida ne, dogaye, miƙaƙƙu. Naka yana can baya, cikin waɗanda suka kwana biyu ba a saya ba, wanda akuya ta taɓa cinye kansa ya sake toho, wanda ya karkace. Da na jawo wani irin wannan daga bayan randar ruwa, Baba ya ce, "Wanga ba shi da kyau, bari in ba ka na kirki." Na ce shi nake so. Ya girgiza kai ya rage mini kuɗi.

Ceɗiya zan fara da ita, don ita nake ba duk wanda ya tambaye ni shawara. Dalili ɗaya ne babba: tana yafe kuskure. Ka datse ta fiye da kima, ta sake toho ko a tsohon jiki. Ka rage mata saiwa da hannun da bai ƙware ba, ta jure. Ganyenta dama matsakaici ne, kuma yana ƙanƙancewa in kana bin ta da almakashi: duk reshen da ya fitar da ganye shida ko takwas, ka mayar da shi biyu. Bayan damina biyu za ka ga ganyen ya koma rabin yadda yake. Ba ta zubar da ganye gaba ɗaya ta bar ka da ƙirare in tana samun ruwa, don haka duk shekara kana da abin kallo da abin koyo.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba sai ka jira gindi ba. Mutanen karkara sun daɗe da sanin cewa in ka sari reshen ceɗiya ka kafa a ƙasa da damina, kamawa yake, haka ake dasa ta a ƙofar gida da dandali. Wannan sani shi ne jarinka. Nemi izinin mai bishiya, ka yanki reshe mai kaurin wuyan hannu, tsawon taƙi ɗaya da rabi, wanda ke da ɗan lanƙwasa da 'yan rassa. Ka bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu farin ruwan nan nasa mai kama da nono ya bushe, sannan ka kafa shi cikin yashi mai laima. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Kaurin da tsamiya za ta shekara biyar ba ta kai ba, ka same shi a damina guda.

Aibinta ƙishirwa. A cikin kasko marar zurfi, a watan Afrilu, sau biyu take sha a rana, safe da yamma, kuma tana son inuwa daga azahar. Saiwoyin nan da ke saukowa daga rassa, waɗanda ke ƙara mata kwarjini, busasshiyar iskarmu ba ta barin su su kai ƙasa sai a tsakiyar damina, sai fa in ka rufa musu da wani abu mai riƙe laima. 'Yan uwanta durumi da gamji su ma suna kamawa daga reshe, amma ganyensu faɗi gare shi, ba ya zama daidai da ƙaramin itace. Akwai kuma 'yar uwarta ta waje da masu dashe ke sayarwa don shinge, mai ƙananan ganye masu sheƙi, suna ce mata fikus. Mai ganye mai kauri da ɗan zagaye tana da kyau ƙwarai, halinta ɗaya da ceɗiya. Mai siririn ganye mai tsini da rassa masu rinjayowa ƙasa kuwa fushi gare ta, ka sauya mata wuri kawai sai ta zubar da ganye, kuma in ka datse reshe har inda babu ganye sau da yawa mutuwa yake.

Tsamiya ita ce wadda zuciyata ta fi so, amma ban ce ita ce ta farko ba. Duk abin da ake nema a bonsai Allah ya ba ta. Ganyenta ƙanana ne tun asali, jere bibbiyu, da magariba su rufe kamar an tafa hannu, da hantsi su buɗe. Sabon tohonta ja-ja ne. Ɓawonta yana tsattsagewa ya yi kaushi tun tana da 'yan shekaru, shi ke sa ƙaramar tsamiya ta yi kama da wadda kakanni suka sha inuwarta. Tana jure rana fiye da ceɗiya, tana jure datsa, tana toho a tsohon reshe. Irinta kuma yana cikin kicin ɗinku: ƙwallayen da aka tace aka zubar bayan an dama kunu, ka jiƙa su kwana guda ka shuka, cikin mako ɗaya zuwa biyu sun tsiro.

Sai dai tsamiya ba ta sauri. In ka sa ɗan tsiro cikin ƙaramin kasko tun yau, bayan shekara biyar za ka same shi kamar tsinken tsire da ganye a ka. Kasko ba ya ƙara kauri, tsayar da shi yake. Dabarar ita ce ka raine ta a ƙasa ko cikin babban baho mai huji shekara uku ko huɗu, ka bar ta ta yi tsawo yadda take so, sannan ka sare ta ƙasa-ƙasa ka fara gina rassa. Tana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa kai tsaye, dole a yanke ta tun tana ƙarama don ƙananan saiwoyi su bazu gefe. Wasu kan ɗora tsiron kan fasasshen tayil ko faffaɗan dutse su binne, saiwa ta rasa hanyar ƙasa ta bi gefe. Itacenta kuma tauri gare shi, wanda ya taɓa ganin turmin tsamiya ko ya sa mata gatari ya sani. Reshe in ya wuce kaurin fensir ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake, don haka wayar ƙarfen da ake lanƙwasa reshe da ita tun yana ɗanye ake naɗa masa. Wanda ya sami tsamiya a wurin mai dashe da ta shekara uku a leda, gindinta ya kai babban yatsa, ya saye ta ko da tsada, shekaru ya saya.

Za ka ji magana a gida, wannan kam ka shirya. Mutanenmu na danganta tsamiya da kuka da iskoki, akwai tsofaffin da ba sa son ganinsu a tsakar gida ko da a kasko ne. Ni na zauna na yi wa tsohuwarmu bayani, na nuna mata ƙwallon da na shuka da hannuna, ta yi shiru ta ce in dai ajiye ta can gefen zaure. Na ajiye ta can. Zaman lafiya da iyaye ya fi wurin ajiye tukunya.

Kuka dabam take da duk sauran, har sai ka sauya tunani kafin ka iya da ita. Ceɗiya rashin ruwa ke kashe ta, kuka yawan ruwa. Jikinta rumbun ruwa ne, itacenta taushi kamar soso. Idan kaka ta wuce ta zubar da ganye, barci take, daga nan har zuwa lokacin da za ka ga kan rassa ya fara kumbura gab da damina, kusan ba ta bukatar ko ɗigo. Sabon shiga yana ganin itace tsirara cikin zafin Maris sai tausayi ya kama shi ya ɗauko buta. Bayan mako uku ya taɓa gindin ya ji ya yi laushi, ruɓa ta gama da shi daga ciki. A Afirka ta Kudu, inda suka ƙware da bonsai na kuka, wasu har fitar da ita suke daga tukunya su ajiye ta a busasshen wuri sai lokacin toho ya zo.

Wannan halin nata alheri ne ga mai yawan tafiya. Watannin da sauran itatuwa ke neman ranka da ban ruwa, Maris da Afrilu da farkon Mayu, su ne watannin da kuka ba ta neman komai a wurinka. Amma ka san abin da za ka samu. Fiye da rabin shekara babu ganye. Ƙaramar kuka ganyenta guda-guda ne, ba mai yatsu biyar ɗin nan na babba ba, kuma a kasko takan daɗe a haka, har mutum ya yi shakkar ko kuka ce aka sayar masa. Rassanta ba sa yawan rarrabuwa, gina kan da ya yi kama da na kukar daji aikin shekaru ne. Waya tana cin jikinta da wuri saboda taushi, sai kana dubawa duk mako da damina. A ƙarƙashin ƙasa tana da saiwa mai kumburi kamar rogo, in ka yanke ta sai ka bar ciwon ya bushe kwanaki kafin ka mayar cikin ƙasa, kuma kada ka ba ta ruwa nan take. Ƙwallonta tauri gare shi, sai an zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki, ko a kankare gefensa, kafin ya tsiro da wuri. Kuma ka gaya wa mutanen gida wannan ganyen ba na miya ba ne, don sabon ganyen kuka a tsakar gida jan hannu gare shi.

Kariya fa? Ita ce za ka fi gani a wurin masu dashe da sunan bonsai, saboda kumburarren gindinta da furenta mai ruwan hoda da ke fitowa tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. 'Yar ƙasarmu ce, tana fitowa da kanta a yankunan Sahel. Ba ta son ruwa da yawa, rana ba ta dame ta ba, akuya ba ta cin ta. In abin da kake so shi ne abu mai kyau a ƙofar ɗaki wanda ba zai wahalar da kai ba, babu kamarta. In za ka saya, nemi wadda aka shuka daga iri, ita ke da tulun gindi. Wadda aka kafa daga reshe takan miƙe siririya. Duk lokacin da za ka sauya mata ƙasa ka ɗan ɗaga ta sama kaɗan, saiwoyin da suka kumbura su fito fili.

Abu biyu ke sa ban sa ta a gaba ba. Na ɗaya, ba za ta koya maka sana'ar ba. Rassanta kauri ne da ruwa, ba sa rarrabuwa su yi ƙanana, datsa da naɗin waya da gina kai duk ba ka samun wurin gwada su sosai. Mutum na iya shekara biyar da kariya bai iya bonsai ba. Na biyu ya fi nauyi: ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba a sassan Afirka suke shafa wa kibiya. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, ko dai a ɗora ta inda hannu ba ya kai, ko a haƙura. In ka datse ta ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ido ko abinci, almakashin ma ka wanke.

Bagaruwa na da wani matsayi a wurina saboda ta Sakkwato ce ta wata fuska: da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyar nan tamu da ta yi suna har ƙasashen Turai. Ganyenta ya fi na tsamiya ƙanƙanta, furenta rawaya dunƙule-dunƙule, tana saurin girma, kuma ita ta fi dacewa da siffar nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar laima wadda masu bonsai na Afirka ta Kudu suka mayar salon kansu. Dashenta ba ya wuyar samu, don tana cikin itatuwan da ake renowa saboda yaƙi da hamada. Amma ƙaya gare ta, ba ta son a dami saiwarta, kuma takan kashe reshe haka kawai bayan ka shekara kana gina shi. Itace na biyu ce ko na uku, bayan hannu ya faɗa.

Furen nan mai ƙaya da ke hawa katangun gidaje, ja ko shunayya ko fari, wanda masu dashe ke kira bogambiliya, asalinsa Kudancin Amurka ne amma ya karɓi garinmu kamar nan aka haife shi. Yana son rana tsantsa, kuma ƙarancin ruwa ke sa shi fure. In ka ji ana rushe katanga ko ana tumɓuke tsohon shinge, je ka roƙi kututturen, bonsai ne rabin gamamme. Rassansa dai gautsi gare su, suna karyewa ƙas ba gargaɗi, saiwarsa siririya ce mai saurin tsinkewa, babban yanka kuma yakan ruɓe ciki. Rumman da lalle su ma suna yi, ganyensu ƙanana, suna kamawa daga reshe, rumman har ya ba ka jan fure. Dogon yaro, duk da shi ya cika gari, ganyensa dogo ne ba ya ƙanƙancewa yadda ake so. Mangwaro da zogale kada ka ɓata lokacinka.

To wanne za ka ɗauka? Ni tambayar da nake yi wa mutum ba wanne ya fi burge shi ba ce. Nakan ce, wa zai ba shi ruwa ranar 15 ga Afrilu da ƙarfe biyar na yamma? Na yi wannan tambayar ne don na ga amsarta da idona. Ceɗiyata ta farko, wadda na kafa da hannuna ta yi damina biyu, na bar ta kan dakalin siminti na yi tafiyar kwana uku cikin bazara. Na bar saƙo a ba ta ruwa, aka ba ta sau ɗaya. Da na dawo ganyen na nan a jiki, kore, amma da na taɓa sai ya ruguje a hannuna kamar busasshiyar kuka. Na kankare ɓawon da farce ina neman ɗanyen wuri, har gindi babu. Simintin ya gasa kaskon daga ƙasa, rana ta gasa shi daga sama. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don itacen da ke daji yana da inda zai miƙa saiwa ya nemi ruwa, wanda ka sa a kasko kuwa ba shi da kowa sai kai.

Saboda haka in kana gida kullum, ko kana da wanda ka amince da shi, ɗauki ceɗiya, ita za ta koya maka datsa da waya da sauya ƙasa cikin shekara biyu, ka haɗa da tsamiya guda ka sa a baho tana kauri a gefe kafin hannunka ya ƙware. In kai matafiyi ne, ɗan kasuwa mai zuwa Kano da Illela ko ma'aikacin da ake turawa ƙauyuka, kuka ce taka, ko kariya in babu ƙananan yara. In fure kake so kuma gidanka rana ce ko'ina babu inuwa, bogambiliya. Kada ka sayi guda ɗaya tak, don wanda ke da itace ɗaya damunsa yake da almakashi kullum har ya kashe shi. Kada kuma ka wuce uku a shekarar farko. Lokacin saye farkon damina ne, Yuni zuwa Yuli, sa'ad da iska ta yi laushi kuma itace na da ƙarfin warkewa. Wanda ya saya a Maris ya sa kansa cikin jarrabawa tun bai shiga aji ba.

Ƙasar da ke cikin ledar mai dashe ba za ta yi a kasko ba. Laka ce da taki, in ta jiƙe ta riƙe ruwa ta shaƙe saiwa, in ta bushe ta zama dutse ruwa ya bi gefe ya wuce. Japanawa na da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama, mu ba mu da ita kuma ba ma bukatarta. Samo yashin gulbi mai tsakuwa, ka tankaɗe da rariya ka zubar da garin, ka riƙe mai girman ƙwayar dawa zuwa ta masara. Daddaka fasasshiyar tukunyar ƙasa ko jan bulo zuwa wannan girman, shi ke riƙe laima ba tare da ya toshe iska ba. Ƙara ɗan gawayi, da takin awaki ko na shanu wanda ya shekara ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake kuma yana kiran gara. Ga ceɗiya da tsamiya, kashi ɗaya yashi, ɗaya fasasshiyar tukunya, ɗaya taki. Ga kuka da kariya, rage takin sosai ka ƙara tsakuwa.

Kasko kuwa, manta da siraran farantan nan na hotuna masu zurfin yatsa biyu. A garinmu zurfin taƙi guda ba abin kunya ba ne, shi ke tsakanin itacenka da mutuwa in rana ta take. Na ƙasa ya fi na roba, don yana numfashi yana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Je wurin masu ginin tukwane ka ce su yi maka mai faɗi da manyan huji biyu ko uku a ƙasa tun yana ɗanye, ka rufe hujin da guntun ragar sauro ta taga. Kada ya zauna kan siminti ko ƙasa. Ɗora shi kan benci na katako, inda hantsi ke samunsa, rumfar zana ta tare masa rana daga azahar, kuma inda akuya ba ta kai wa ko ta miƙe da ƙafa biyu. In ruwan rijiyarku na barin fari-fari a bakin kasko, riƙa zuba ruwa da yawa har ya zubo ta ƙasa ya wanke, da damina kuma ka tari na sama. Kayan aiki almakashi mai kaifi da filaya sun isa. Waya ka nemi ta alminiyom wurin masu aikin lantarki, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen da za ka lanƙwasa, ka naɗa ta a karkace ba tare da matsewa ba, ka cire da zarar ta fara shiga jiki.

In ka kawo dashe gida kada ka taɓa shi mako biyu, ka bar shi a ledarsa a inuwa mai haske ya saba da wurin. Bayan nan ka zaɓi ɗaya, ko ka sauya masa ƙasa ko ka datse shi, ba duka biyu rana ɗaya ba. In ƙasa ka sauya, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na saiwar, ka ɗaure gindin da waya ta cikin hujin kasko don iskar hadarin farkon damina kada ta girgiza shi, ka hana shi taki wata guda.

Karkatacciyar fikus ɗin nan da na jawo daga bayan randa, bayan damina biyu na ɗauke ta a kaskonta na kai wa Baba ya gani. Ya ajiye butarsa, ya durƙusa, ya sa yatsa ya shafa gindin inda saiwoyi suka bazu kan ƙasa. Ya ce, "Wagga ita ta? Wadda nic ce ba ta da kyau?" Na ce ita ce, Baba. Ya tashi ya zagaya bayan rumfarsa, na ji yana jan ledoji, sai ga shi da wata tsamiya gajera mai kaurin babban yatsa, kanta a cinye, ta yi toho ta gefe uku. Ya ce tun bara ya ware ta, ya hana a sayar.